Yaranmu Na Tseren Keke a Kan Babbar Hanya, Bulala Kuwa Ba Ta Hana Su Ba

Duk wanda ya taɓa tsayawa a bakin babbar hanya nan Mirriya lokacin da aka tashi daga lakwal ya san abin da zan faɗa. Yara biyar ko shida za su jero a kan kekuna, jakar littattafai na lilo a baya, wani ma ya goyo ƙanensa a kariya. Ɗaya zai yi fito, sai ka ga duk sun sunkuyar da kai sun hau feda da ƙarfi, daga gindin wannan kuka zuwa waccan. Hanyar da suke wannan wasa a kanta kuwa ita ce RN1, wadda ta taso daga Yamai, ta bi Dosso da Maraɗi da Zinder, ta ratsa mu ta nufi Gure da Diffa. Manyan motocin kaya da bas-bas na dogon zango duk ita suke bi.

Shekara biyu da suka wuce wani ɗalibina ya faɗi a irin wannan tsere. Amalanke ce ta fito daga lungu, ya nemi tsayawa, keken ba birki. Ashe ya daɗe da silifa yake tsayar da shi, yana danna ƙafa a kan tayar baya. Allah ya taƙaita, ƙashin kafaɗa ne ya karye, motar da ke bayansu kuma ta sami damar kaucewa. Ya yi makonni ba ya iya riƙe alƙalami. Da na je gaishe shi, mahaifinsa ya ce mini: "Malam, na sayar da keken. Ƙafa ba ta karya kafaɗa." Ban yi masa musu ba, don uba ne da ya ga ɗansa kwance. Amma gidansu na da nisa da makaranta. Da yaron ya warke sai ya fara makara, daga makara sai fashi, kafin ƙarshen shekara sunansa ya koma ƙasan takarda.

Tun daga ranar nake juya maganar a raina. Mu malamai mun yi bulala, mun yi faɗa a gaban tuta, iyaye sun ƙwace kekuna. Tseren bai tsaya ba, wurin da idonmu ba ya kaiwa ya koma. Ra'ayina shi ne lokaci ya yi da za mu ɗauki keken ɗalibi a matsayin kayan makaranta, kamar allo da littafi: mu koya masa kula da shi, mu nuna masa inda zai hau, in kuma tsere yake so, mu shirya masa shi da hannunmu.

Dalilin da ya sa ban goyi bayan ƙwace keke ba a fili yake. Ba kowane ƙauye ke da kwalej ba. A ƙananan hukumomin da ke kewaye da mu, irin su Gafati da Koleram da Zarmu da Hamdara, akwai yaron da sai ya yi tafiyar kilomita da yawa kafin ya ga ƙofar aji. Wanda ya taka wannan rairayi da ƙafa, ya iso a gajiye, darasin farko barci yake yi. Ga 'ya mace kuwa nisa na daga cikin dalilan da ke sa a ce ta zauna gida. A jihar Bihar ta ƙasar Indiya gwamnati ta fara ba 'yan matan sakandare kuɗin sayen keke a shekarar 2006. Masu binciken da suka bi diddigin shirin sun gano shigar 'yan mata sakandare a kan shekarun da suka dace ta ƙaru da kusan kashi 32 cikin 100. Abin da ke iya wannan aiki bai kamata a jefar da shi don birkinsa ya lalace ba. Birkin za a gyara.

Amma tsoron iyaye ma gaskiya ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce haɗarin hanya na kashe mutane kusan miliyan 1.19 a kowace shekara, kuma shi ne kan gaba wajen kashe yara da matasa 'yan shekara 5 zuwa 29. Fiye da rabin masu mutuwar masu tafiya a ƙasa ne da masu keke da masu babur. Ga wani lissafi da nake ba ɗalibaina a allo: motar da ke gudun kilomita 90 a awa tana cin mita 25 a daƙiƙa guda. Ke nan kafin direba ya ɗaga ƙafa ya taka birki, ya riga ya shafe tsawon azuzuwa biyu ko uku. Yaron da ya karkato tsakiyar kwalta don ya wuce abokinsa ba shi da wannan daƙiƙar.

Mu fara da keken kansa. Yawancin abin da ke kayar da yaro abu ne da minti biyar ke ganowa. A matsa birkin gaba a tura keken, a matsa na baya a tura. In taya ta ci gaba da juyawa, ko hannun birki ya taɓo kan keken, ko dai robar ta cinye ko wayar ta saki. A matse tayar gaba tsakanin gwiwoyi a murɗa kan; in ya juya taya ba ta juya ba, noti ya kwance. A ɗaga keken a juya kowace ƙafa a ga ko tana rawa, a taɓa wayoyinta ko akwai wadda ta tsinke. A danna taya da babban yatsa: mai ƙarancin iska ita ce ke saurin fashewa in ta daki bakin rami, wadda aka cika ƙwarai kuma aka jingine a ranar bazara tana iya fashewa ita kaɗai. Sai sirdi. Yara da yawa kekunan yayyensu suke hawa, suna miƙa ƙafa kamar mai tsinkar mangwaro. A sauke sirdi yadda in feda ta kai ƙasa gwiwa za ta ɗan lanƙwashe kaɗan.

Sarƙa na da nata sha'ani a ƙasarmu. Yara na son su kwarara mata baƙin mai har yana ɗiga, suna ganin gata suka yi mata. Mai da rairayi in sun haɗu sai su zama kamar dutsen niƙa, su cinye sarƙar da haƙoran da take hawa. Abin da ya dace shi ne a goge ta da tsumma, a ɗiga mai kaɗan, a juya feda, a sake gogewa. A lokacin hunturu da ƙura ke yawa a yi haka duk mako. Tsidau da ƙayar aduwa kuwa ba mai raba mu da su. Yaro ya koyi yin faci da kansa, ya kuma koyi shafa cikin taya da yatsa ya ciro ƙayar kafin ya mayar da robar ciki, in ba haka ba gobe ma a ƙasa zai turo shi.

Wa zai koyar da wannan? Ba sai an ɗauko kowa daga Yamai ba. Kowace unguwa na da mai gyaran keke da ke zaune a gindin bishiya da famfo da kwanon ruwa. Kwamitin kula da makaranta, wato COGES, na iya gayyatarsa sau ɗaya a wata, a ba shi ɗan abin goro, ya duba kekunan a gaban masu su yana bayani. Malamin kimiyya ya sami darasin gogayya da ƙarfin iska a tsakar makaranta, ba a zanen allo kaɗai ba. Keken da ba shi da birki kuma kada ya fita ƙofar makaranta sai an sanar da uban yaro. Robar birki ba ta kai kuɗin ɗauri ba, balle na asibiti.

Sai wurin hawa. Tsakanin Mirriya da Zinder bai wuce kilomita 20 ba, kuma hanyar ta fi karkata gabas da yamma. Da safe direban da ya taso daga Zinder rana na cikin idonsa, da marece kuma wanda ya nufi Zinder ne ke fama da ita, daidai lokacin da yara ke kan hanya. In hazo ya sauka abin ya ƙara muni. Ranar Lahadi, ranar kasuwarmu, ga amalanke, ga dabbobi, ga masu tukwane, ga 'yan kabu-kabu. Wanda dole sai ya bi kwalta, to ya riƙe hannun dama, ya bi inda motoci ke bi, kada ya tare su gaba da gaba. A tafi ɗaya bayan ɗaya, ba a jere kamar masu zuwa ɗaurin aure ba. Kada a kama bayan mota ko amalanke don a huta da feda. Mai dawowa da magariba ya sa riga mai haske, a liƙa wa keken abin da ke ƙyalli in fitila ta haska shi.

Wasa da motsa jini kuma ba su da abin yi a kan RN1. Allah ya ba mu fili. Akwai fako mai tauri a bayan gari, akwai hanyoyin gona bayan an gama girbi, akwai hanyoyin da ke zagaye lambuna a ƙarƙashin inuwar kuka, akwai tuddai da manyan duwatsu irin waɗanda suka kewaye Birnin Zinder. Abin da mutanen Turai ke sayen keken VTT mai ƙatuwar taya su yi tafiya mai nisa don su samu, mu a bayan gida muke da shi. Sai dai kowace ƙasa da hawanta. A rairayi ana rage iska kaɗan, a sa giya mai sauƙi, a ci gaba da taka feda ba tare da murɗa kai da ƙarfi ba. A gangaren dutse ana ja da jiki baya, a matsa birki biyu a hankali. Mai damƙe na gaba shi kaɗai ta saman keken zai wuce. Keken tsere mai siririyar taya na kwalta ne, ba na jigawa ba. Da damina a nisanci kwari da bakin tafki, kuma kada yaro ya fita daji shi kaɗai ba ruwa a gora, ba wanda ya san inda ya nufa.

Yanzu ga maganar da na san wasu iyaye za su ɗaga gira a kanta: makaranta ta shirya tsere. Za a ce malam ya rasa abin yi. To, tseren keke sana'a ce a duniya, kuma ba ta Turawa kaɗai ba ce. Maƙwabtanmu na Burkina Faso suna gudanar da Tour du Faso tun 1987. Biniam Girmay ɗan Eritiriya ya ci zango uku a Tour de France na 2024, ya kuma tafi da koriyar riga. A watan Satumba na 2025 aka yi gasar duniya a Kigali ta ƙasar Ruwanda, karo na farko a Afirka. Yaranmu na ganin waɗannan a waya. Abin da ba sa gani shi ne an rufe hanya, an duba kowane keke, ga likita na biye a mota.

Su ma can da jini suka sayi dokokinsu. Sai da Andrei Kivilev ɗan Kazakistan ya faɗi a gasar Paris-Nice a watan Maris na 2003, ba hular kwano a kansa, ya rasu, sannan hukumar tseren keke ta duniya ta wajabta hular ga ƙwararru. A 2024 kuma, a gasar duniya ta Zurich, wata yarinya 'yar shekara 18, Muriel Furrer, ta faɗi cikin itatuwa ana ruwan sama, ta daɗe kwance ba wanda ya lura, washegari ta cika. In haka ta faru a Suwizalan da duk kayan aikinsu, mu ba mu da hujjar yin sakaci. Gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah.

Saboda haka tseren makaranta ya kasance a zagaye, a filin da ido ke ganin farkonsa da ƙarshensa, nesa da kwalta. A bi filin tun jajibiri a tsince duwatsu da ƙaya. A yi shi da sanyin safiya a watannin sanyi, ba cikin zafin Afrilu ba. A raba yara bisa shekaru, 'yan mata da nasu rukuni, kuma kada a saki fiye da yadda faɗin hanyar zai ɗauka. Kowace kwana a tsayar da babba ɗaya. A ƙirga waɗanda suka tashi, a ƙirga waɗanda suka iso. A ajiye ruwa da kayan ɗaurin rauni, a sanar da magajin gari da jandarma da ma'aikacin lafiya mafi kusa, a tanadi abin hawa da zai ɗauki wanda ya ji ciwo. Bayan layin ƙarshe a bar fili, don a nan 'yan kallo ke rugowa. Yaron da kansa ya bugu, ko da ya miƙe yana dariya, ya gama tsere a ranar.

Hular kwano fa? Na san tsadarta, na kuma san gidan da ke neman hatsin dare ba zai saye ta ba. Amma makaranta ba ta bukatar ɗari. In COGES da ƙungiyar iyaye da ta uwaye suka haɗa hannu suka sayi goma, sai a yi tseren goma-goma, ana karɓa-karɓa. Wanda ba hula ba ya tashi. Sharaɗi na biyu shi ne wanda nake ganin zai yi mana aikin da bulala ta kasa: duk wanda aka gani yana tsere a kan babbar hanya, ba shi cikin gasar wannan shekara. Yaro na iya jure bulala goma, amma ba ya jure a kira sunayen abokansa ba nasa.

'Yan uwana malamai za su ce aiki ya riga ya yi mana yawa, azuzuwa cike, ga gyaran takardu. Gaskiya ne, ni ma a cikinsa nake. A makarantar horon malamai an koya mana cewa aikinmu bai ƙare a bakin ƙofar aji ba, ko da yake ba mu cika tunawa ba sai abu ya faru. Safiya ɗaya a wata da gasa ɗaya a shekara sun fi sauƙi a kan zuwa gaisuwar da ba ma fata.

Iyaye kuma, roƙona ƙarami ne. Yau da dare, kafin a shigar da keken zaure, a matsa birkinsa biyu a tura. In bai tsaya ba, gobe ya kwana wurin mai gyara, yaron ya bi abokinsa. Allah ya tsare mana su a tafiya da dawowa.