Wasiƙa Zuwa Ga Masu Ɗaukar Hoto Da Bidiyo Na Dogon Dutsi Da Tibiri

Iyaye da 'yan'uwa masu sana'ar kamara, tun daga Matankari har Kore Mairuwa da Gesheme.

Wanda ya saba laluben kayan gwanjo yana iya cin karo da wani abin wasan yara na roba, mai ido guda da ɗan hannu a gefe. Yaro ya leƙa, ya murza, sai zane ya kama motsi. Kamfanin Fisher-Price na Amurka ne ya fito da shi a 1973. Ba ya cin batir, hasken waje kawai yake buƙata. Abin da ke cikin kaset ɗinsa kuwa fim ne na gaske, Super 8, samfurin da Kodak ya kawo a 1965, wanda iyalai da masu bincike suka yi shekaru suna ɗaukar bukukuwa da shi.

Wannan ɗan hannun da ake murzawa shi ne darasin. Tsohon fim yana ƙanƙancewa, hujojin gefensa su daina dacewa da haƙoran majigi. Injin lantarki bai san haka ba, ja kawai yake, ya yaga, fitilarsa kuma ta ƙona hoton da ya tsaya. Hannun mutum shi ke jin inda fim ya cije, ya dakata. Don haka duk wanda aka kawo masa naɗin fim daga akwatin wani tsohon ma'aikaci ko malamin makaranta, kada ya yi gaggawar ɗora shi a majigi. Ya warware shi a hankali, yana riƙe da gefe, yana duba shi a haske. In ya tsinke, ban da liƙi da salatif, ƙaronsa na narkewa ya ɓata hoton.

Babban abokin gaba a nan ƙasar Arewa shi ne zafi. A Afrilu da Mayu yakan haura maki 40, sannan damina ta kawo danshi. Waɗannan biyun ke rugurguza robar fim, har ya fara wari mai tsami da zarar an buɗe gwangwaninsa. Fim mai wannan warin a ware shi, domin yana shafar na kusa da shi, kuma shi za a fara kwafewa. Ɗakin laka mai sanyi ya fi shagon kwano nesa ba kusa ba. Kasusuwan bidiyo na aure da suna da naɗin sarauta ma kulawar da suke so ke nan.

Me ya sa za a sha wannan wahala? Marc-Henri Piault, Bafaranshen da ya wallafa littafin Histoire Mawri a 1970, ya ɗauki mahautan ƙasar nan a fim a shekarun 1960. Jikokinsu nawa suka taɓa ganin fuskar kakanninsu a ciki? Labarin Sarauniyar Lugu da ta tari rundunar Faransa ta Voulet da Chanoine a 1899 ya zama fim a hannun Med Hondo a 1986, amma a Burkina Faso aka ɗauke shi. Abin takaici ne a ce mai neman hoton Arewa mai motsi sai ya nufi ma'ajiyar wata ƙasa, alhali ɗan abin da ke gida yana narkewa a ƙarƙashin gado. Kuma Nijar ba baƙuwa ba ce a wannan fage: Mustafa Alhassan, mai fim ɗin zane Bon voyage Sim na 1966, da wasan inuwa ya fara tun yana yaro.

Kwafewa zuwa kwamfuta wajibi ne, amma kada a yar da na asali bayan an gama, domin na'urar gobe za ta fitar da abin da ta yau ta kasa. A ajiye kwafi biyu a gidaje daban-daban.

Saura aikin da ba wanda zai iya sai ku, 'yan gari. Ku ɗauki abin da kuka kwafe ku kai wa dattawa da tsofaffin mata a zaure da tsakar gida, ku tsayar da hoton, ku tambaya: wane ne wannan makaɗin, wace kasuwa ce, zamanin wane Sarkin Arewa? A rubuta amsar a takarda, da sunan garin da shekarar, a maƙala ta a bayan gwangwanin, a kuma saka ta cikin sunan fayil ɗin.