Ƙafafun Gaiwa

Uwargida, in yaronki ya tambaye ki ko kifi na da ƙafa, kada ki ce "tashi ka ba ni wuri." Karfasa dai ba ta da ita, fiffikenta ƙayoyi ne jere kamar mafici. Amma ki nuna masa gaiwa, wadda ake tonowa cikin busasshiyar laka da rani, irin ta fadamun Gagare da Bunsuru, daga Kaura har Shinkafi. Nata huɗu ne, sirara kamar igiya, biyu gaba biyu baya, kowanne ya kama jiki da guringuntsi guda, yadda ƙashin damtsenki ya kama kafaɗa. A 2011 masana a Jami'ar Chicago suka ga tana takawa da na bayan a ƙasan ruwa. Har huhu gare ta: a hana ta leƙowa sama, sai ta mutu cikin ruwan.