Ciwon ƙwaƙwalwa ne, a kai shi asibiti da wuri

A gidajenmu, idan saurayi mai natsuwa ya fara kulle kansa a ɗaki, ya daina wanka, yana surutu shi kaɗai, ko ya rantse an zuba masa guba a tuwo, abin da ake fara cewa shi ne an yi masa sammu, ko iska ce ta taɓa shi. Sai a shiga yawon neman magani: yau turare, gobe rubutu, jibi gidan mari. Asibiti sai an gaji. Da yawa cikin waɗannan matasa suna fama ne da ciwon da likitoci ke kira sikizofireniya, kuma jinkirin nan yana cikin abin da ke ƙarasa su.

A 2022, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kusan mutum 1 cikin 300 ke ɗauke da shi, kimanin miliyan 24 ke nan. Yakan bayyana tsakanin ƙarshen samartaka da shekara 30, kuma yakan riga kama maza.

Ƙwayoyin ƙwaƙwalwa suna aika wa juna saƙo ta hanyar sinadarai. Ɗaya daga ciki, dofamin, shi ke nuna wa mutum abin da ya kamata ya mayar da hankali a kai. Idan ya yi yawa a wani sashe can cikin ƙwaƙwalwa, komai sai ya zama ishara. Maƙwabci ya yi tari, da shi ake. Mai karanta labarai a rediyo habaici yake masa. Muryoyin da yake ji ma ba ƙarya yake yi ba: hoton ƙwaƙwalwa ya nuna sashen ji da na magana suna aiki a daidai lokacin da yake jin su. Shi ya sa musu da shi ba ya kai ko'ina. Sashen gaba kuma, mai tsara niyya da aiki, yakan yi sanyi, mutum ya wuni zaune fuska ba walwala, mu kuwa mu ce lalaci ne.

Akwai gado a ciki, amma gado kaɗai bai isa ba. Tagwaye masu kama ɗaya, in ɗaya ya kamu, kusan rabin lokaci ɗayan yana tsira. Shan wiwi tun da ƙuruciya yana ƙara haɗarin, haka ma matsananciyar wahala a yarinta.

Tun 1952 likitoci a Faransa suka gano maganin da ke kwantar da muryoyi da zargi ta hanyar rage tasirin dofamin. Yau har allurar wata-wata akwai ga wanda ba ya jure haɗiyar ƙwaya kullum. Maganin yana da nasa illoli, kamar yawan barci, rawar jiki da ƙiba, kuma likita na iya canza shi. Abin da bincike ya sha nunawa shi ne, wanda aka fara yi wa magani da wuri ya fi samun sauƙi.

Ba ina cewa a bar addu'a ba ne. A 1954, Farfesa Adeoye Lambo ya zaunar da marasa lafiya tare da danginsu a ƙauyukan Aro kusa da Abeokuta, ya yi aiki da masu maganin gargajiya, kowa da nasa fanni. Malamanmu na ruƙiyya su ne mutane ke fara zuwa wurinsu, don haka su ya fi kamata su san alamomin nan, su ce wa iyaye: ga addu'a, amma ku wuce asibitin ƙwaƙwalwa na Dawanau, ko na Kware, ko na Barnawa.

Nijeriya ta samu sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa a 2023, wadda ta maye gurbin ta 1958. Saura gwamnatocin jihohi su kai magungunan nan ƙananan asibitoci, su horar da ma'aikatansu. Uban da ke ƙauye, in babu magani kusa kuma babu kuɗin mota zuwa birni, mari zai koma wa.