Kasuwa da Iyali: Raba kayan shagonka a manhaja yadda kuɗinka ke tafiya



A 'yan shekarun nan, daga Aboabo zuwa Asawase har cikin Kejetia, shagunan 'yan uwanmu da dama sun fara ajiye tsohon littafin lissafi suna komawa ga manhajar waya. Yawanci ɗan gida ne da ya yi boko yake saukar da ita, ya ce wa mahaifinsa, "Baba, daga yau komai zai fito fili." A kwana biyu ana shigar da sunayen kaya, bayan wata uku kuma a koma littafi, a ce abin nan ba shi da amfani. Sau da yawa laifin ba na manhajar ba ne. Tun ranar farko aka ɓata rawa da tsalle wajen raba kaya rukuni-rukuni.

Kusan kowace manhajar lissafin kaya, ko Loyverse ce ko wata irinta, tana da wurin da mai shago zai ƙirƙiri nasa rukunan, wanda a Turance suke kira katagori. Mutane da yawa suna ɗaukarsa ado ne, sai su rubuta "abinci", "abin sha", "sauran kaya", su wuce. Alhali da rukunan nan manhajar take haɗa rahoto a ƙarshen wata. Abin da ba ka raba ba, ba za ta taɓa raba maka ba. Don haka kafin a taɓa waya, a ɗauki takarda da biro, a zauna da maigida da duk wanda ke da hannu a shagon, a amsa tambayoyi uku.

Ta farko: kayan nan na wane ne? Shagon ɗan Zango ba kasafai yake zama na mutum ɗaya ba. Akwai jarin Alhaji. Akwai turaren wuta da humra da yajin da Hajiya ta ajiye a gefe ana sayar mata. Akwai buhunan da ƙaninsa ya turo daga Yamai ko Kano, a sayar a aika masa kuɗinsa. Idan duka suka shiga rukuni ɗaya, ciniki zai yi kyau a ido, maigida ya ɗauka riba ce ya ci, sai ranar da mai kaya ya bugo waya a fara kame-kame. Kayan aro dai ba ya rufe katara. Zumunci nawa ya lalace a kan irin wannan, ba don an yi niyyar cin amana ba, sai don kuɗi sun cakuɗe a aljihu ɗaya? Maganinsa mai sauƙi ne: kalmar farko ta sunan kowane rukuni ta nuna mai shi. "Namu hatsi", "Namu kayan gwangwani", "Hajiya turare", "Amana albasa". A yawancin manhajojin nan kaya ɗaya rukuni ɗaya yake shiga, shi ya sa ake haɗa mai kaya da irin kayan a suna guda. Idan shinkafa iri ɗaya ce amma wata taka ce wata ta amana, shigar da ita sau biyu da suna daban.

Ta biyu: da wane kuɗi aka saro shi? Mu a nan da sidi muke sayarwa, amma ba komai muke saye da sidi ba. Albasar Galmi da ke ratso Burkina ta shigo ta Paga, da sefa aka biya ta. Atamfa da takalma da kayan ƙamshi na Kano, da naira. Sefa tana ɗaure da yuro, naira da sidi kuwa kowace da nata hawa da sauka. Waɗanda suka yi kasuwa a 2022 ba su manta ba: sidi ta faɗi warwas, hauhawar farashi ta haura kashi 54 cikin ɗari a watan Disamba, mutum ya sayar da kaya yana murnar riba, ya je sari ya tarar kuɗin ba za su dawo masa da rabin abin da ya sayar ba. Haka aka sha wuya lokacin da Najeriya ta rufe iyakokinta na ƙasa daga Agustan 2019 zuwa Disambar 2020, da kuma bayan juyin mulkin Nijar na Yulin 2023, lokacin da albasa ta yi tsada a kasuwannin Ghana. Wanda ya ware "kayan sefa" da "kayan naira" daga na gida, ranar da canji ya motsa ko hanya ta toshe, da dannawa ɗaya zai ga kayan da ya kamata ya sake wa farashi, da kuma yawan jarinsa da ke rataye a kan hanya guda.

Ta uku: kwana nawa yake yi kafin ya lalace? Goro da albasa da dabino ba sa jira. Madara, tumatirin gwangwani da lemon kwalba suna da ranar ƙarewa a jikinsu, kuma hukumar kula da abinci da magunguna ta Ghana tana kwashe wanda wa'adinsa ya wuce idan ta same shi a kanta. Sabulu, bokiti da atamfa kuwa ko shekara suka yi ba abin da zai same su. Kada mai saurin lalacewa ya kwana a rukuni ɗaya da mai daɗewa. Na farko a ƙirga shi kowane mako, na biyu sau ɗaya a wata ya isa.

Idan an amsa waɗannan, sai a zo ga shigarwa. Ga abubuwan da ya kamata a kiyaye.

Kada rukunan su yi yawa. Ƙaramin shago, takwas zuwa goma sha biyu sun wadatar. Idan suka kai talatin, yaron shago zai riƙa jefa kaya duk inda hannunsa ya kai saboda mai saye na tsaye.

Kada a buɗe rukunin "sauran kaya". Rami ne. Cikin wata biyu za ka tarar rabin shagon ya zube ciki.

Launi da girma ba rukuni ba ne. Takalmi lamba 40 da lamba 43 kaya ɗaya ne mai nau'i biyu, kuma manhaja irin Loyverse tana da wurin sa nau'o'i a ƙarƙashin kaya guda.

A daidaita ma'auni. Kana saro gero da wake a buhu, kana sayarwa da olonka, kamar yadda ake awo da mudu ko tiya a gida. Shigar da kayan da mafi ƙanƙantar ma'aunin da kake sayarwa. Ka zazzage buhu ɗaya da kanka ka auna, ka ga olonka nawa ya ba ka, kada ka dogara da abin da aka saba faɗa, domin buhu ya bambanta da buhu. Haka katan da ɗai-ɗai.

A rubuta kuɗin sari na gaskiya, har da kuɗin mota, na kwastan da na 'yan dako. In ba haka ba, ribar da manhaja za ta nuna ta ƙarya ce.

A rubuta sunayen da harshen da mai tsaron shago yake ji. Manhaja ba ta damu ba ko Hausa ka rubuta, ko Tuwi, ko Turanci. Amma mutum ɗaya kawai ya riƙe ikon ƙirƙira ko goge rukuni, sauran su sayar kurum.

Akwai wani amfani da ya wuce na yau da gobe. A mazhabar Malikiyya da akasarinmu muke bi, ɗan kasuwar da kayansa ke juyawa kullum yana yi wa hajarsa ƙima sau ɗaya a shekara, ya haɗa da kuɗin hannu, in sun kai nisabi ya fitar da kashi biyu da rabi cikin ɗari. Firji, sikeli da kantocin jera kaya ba sa shiga, kayan amana kuma zakkarsu tana kan mai su. Wanda ya raba rukunansa daidai zai je gaban malaminsa da lissafi a hannu, ba da kintace ba. Haka nan ranar da ta Allah ta kasance, magada ba za su tsaya gardama a kan wane buhu ne na marigayi, wane ne na uwargida, wane ne na ɗan uwansa da ke Maraɗi ba. An bar musu a rubuce.

Shi ya sa nake kira ga iyaye mata: Hajiya, kada ki ce wannan harkar maza ce. Idan kina da kaya ko na sidi ɗari ne a shagon maigida, ki nemi a buɗe miki rukuni da sunanki, ƙarshen wata a nuna miki. Ku kuma samari masu iya waya, kada ku yi wa iyayenku gaggawa. Su suka san kaya, ku kuka san dannawa. Ku tambaye su yadda suke raba shagon a cikin kansu, shi za ku zuba a manhajar.

Abu na ƙarshe: gobarar da ta tashi a sabuwar kasuwar Kejetia a watan Maris na 2023 ta tuna mana cewa littafi da waya duk suna iya salwanta a rana ɗaya. A tabbata lissafin yana ajiye a intanet, kuma duk ƙarshen wata a fitar da kwafinsa a tura wa wani amintacce a cikin iyali.

Wannan Juma'ar, bayan an sauko daga masallaci, a ɗan jinkirta buɗe shago na awa ɗaya a yi zaman takarda da biron nan. Allah ya ba da kasuwa mai albarka, ya tsare mana amana. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba.