Kurmin maƙwabta da buhun gawayinmu



Kudancin Benin ba ƙasar kurmi ba ce kamar Gana ko kudancin Najeriya. Ɗan abin da ya rage, da yawansa al'adar masu ƙasa ce ta tsare shi, domin sun keɓe shi ga abin bautarsu, sun hana gatari shiga. A shekarar 2012 gwamnati ta amince da waɗannan dazuzzuka a hukumance, ta bar kulawarsu a hannun al'ummominsu.

Ƙungiyoyin kare muhalli ma sun gane cewa abin da malamin daji ɗaya a kan babur ya kasa tsarewa, tsoron dukan gari yana tsare shi. A Bouche du Roy, inda kogin Mono ke faɗawa teku kusa da Grand-Popo, ƙungiyar Eco-Bénin ta haɗa kai da mutanen ƙauyuka, aka sa Zangbeto, dodon gadin dare, ya kafa alamar hani a kan itatuwan ruwan gishiri. A gindinsu kifi ke hayayyafa, su ne kuma masu dafa gishiri ke sara don makamashi. A 2017 UNESCO ta sanya yankin Mono cikin wuraren da take martabawa.

Mun san abin da wasunmu za su ce: wannan tsafi ne, ina ruwanmu? Ba mu kiran kowa ya gaskata dodo, Allah Ya kiyaye. Amma keɓe ƙasa don maslahar jama'a ba baƙon abu ba ne a littattafanmu. Malaman fiƙihu suna kiransa hima. Manzon Allah (SAW) ya keɓe Naƙi'u kusa da Madina, Sayyidina Umar ya keɓe Rabaza.

Ruwanmu kuwa a kasuwa yake. Masu tsirenmu gawayi suke ƙonawa buhu-buhu, masu maganinmu a Godomey da Kwatano sassaƙe da saiwa suke sayarwa. Wanda ya ɓare bishiya har ta bushe, sau da yawa rumfarmu ya nufa, kuma ranar da masu ƙasa suka bi sawun kayan, sunan Bahaushe za a ambata, mu da muke zaman amana da su.

Don haka muke roƙon sarakunan zango da limamai su tara masu waɗannan sana'o'i, a yi yarjejeniya: duk wanda ya kawo itace, gawayi ko sassaƙe, a tambaye shi daga wane daji. In daga keɓaɓɓen kurmi ne, ya koma da kayansa, ko da rabin kuɗi ya sallama.