Zauren Hira: Tsohon da ya bar kujera bai bar aiki ba

A cikin wasiƙun da suka iso mini a watan jiya akwai wata da na karanta har sau uku. Wata baiwar Allah ce ta rubuto, Kirista ce, ta kuma roƙe ni kada in ambaci sunanta ko unguwarsu. Ta ce shekara shida ke nan tana tara yaran zango a ƙofar gidanta da la'asar tana koya musu karatu da lissafi, ba ta karɓar ko sisin kwabo, alli da littattafan rubutu ma daga lalitarta suke fitowa. To, bana sai magana ta tashi. Wasu iyaye suka ce so take ta juya musu 'ya'ya, suka janye nasu. A majami'arsu kuma aka fara raɗe-raɗin wai Turawa ke aiko mata da kuɗi tana ci ita kaɗai. Ta ce maganar na waje ba ta yi mata zafi kamar ta 'yan gida ba. Tambayarta ɗaya ce: ta naɗe tabarmarta, ko ta ci gaba?

'Yar'uwa, kin fi ni sanin labarin kutaren nan goma da ke cikin Linjilar Luka, waɗanda aka warkar gaba ɗaya amma mutum ɗaya tak ya dawo godiya, shi ɗin ma baƙo ne, Basamariye. Ba zan yi miki wa'azi a kansa ba. Labarin wani tsoho zan ba ki, wanda abin da ya same shi ya faru ne a bakin kogin Kwara, ba da nisa da ƙasar kakanninmu ba.

Sunansa Samuel Ajayi Crowther, Bayarabe ne daga garin Osogun. Yana yaro mahara suka faɗa wa garinsu a 1821, suka kama shi. Aka yi ta cinikinsa daga hannu zuwa hannu, har da doki an taɓa musayarsa, daga ƙarshe aka saka shi a jirgin bayi na Fotugal. A 1822 jiragen yaƙin Ingila suka tare jirgin, aka sauke bayin a Firitawun ta ƙasar Saliyo. Can aka yi masa baftisma a 1825, kuma yana cikin ɗaliban farko na kwalejin Fourah Bay da aka buɗe a 1827.

A 1841 ya shiga ayarin jiragen da Ingila ta tura su hau Kwara, tare da wani ɗan mishan Bajamushe mai suna Schön, wanda yana cikin na farko da suka rubuta ƙamus da nahawun Hausa da boko. Zazzaɓi ya kashe Turawa da yawa a wannan tafiya, shi ya sa ƙungiyar mishan ta C.M.S. ta ga cewa in aiki zai yiwu a wannan kogi sai dai baƙar fata su yi shi. A 1857 Crowther ya kafa mishan a Anacha. A ranar 29 ga Yuni 1864 aka naɗa shi bishop a babbar majami'ar Kantabari, baƙar fata na farko da ya kai wannan muƙami a ɗarikar Angilika. Tun a lokacin akwai 'yan mishan Turawa a ƙasar Yarbawa, irin su Henry Townsend, da ba su yarda su zauna a ƙarƙashin baƙin mutum ba, don haka aka yanka masa yankin aiki da bai haɗa da su ba.

Shekara da shekaru yana hawa yana sauka a kogin, wani lokaci a jirgin 'yan kasuwa, wani lokaci a kwalekwale. A 1867 wani basarake na yankin Idah mai suna Abokko ya tsare shi da ɗansa Dandeson yana neman fansa, kuma wajen kuɓutar da su wani jami'in Ingila mai suna Fell ya rasa ransa da kibiya mai dafi. Wani da ya ce ya ga iyaka. Shi kuwa da ruwa ya sake cikowa sai ga shi a kogin. Ya riƙa zuwa Bida wurin Etsu Masaba, yana zama da malamai ana muhawara ba zagi ba cin mutunci. Amanar da ya samu ta kai ga cewa Etsu Maliki, da ya ga barasar da 'yan kasuwar Turawa ke shigowa da ita tana lalata masa ƙasa, wurin Crowther ya aika takarda yana roƙonsa ya kai kuka ga Sarauniyar Ingila a hana. Sarki Musulmi ne fa, ya zaɓi bishop ya zama bakinsa. Ban da wannan ga fassarar Littafi Mai Tsarki zuwa Yarbanci da ya shugabanta, ga ƙananan littattafan koyon Ibo da Nufanci.

To, ina sakamako? A 1890, yana da shekara wajen tamanin, sai ga wasu samari 'yan mishan daga Ingila sun iso Lakwaja. A cikinsu akwai Graham Wilmot Brooke, ɗan shekara 25, da J. A. Robinson. Burinsu su shiga ƙasar Hausa da wa'azi, har riga da rawani suke sawa. Da suka duba ma'aikatan Crowther sai suka ce duk gurɓatattu ne, ba su cancanci aikin Allah ba.

A nan dole in faɗi gaskiya ko da ba daɗi. Ba duk ƙarya suka yi ba. Akwai ma'aikatan da suka yi abin kunya, har an taɓa hukunta biyu daga cikinsu a kotu saboda wata yarinya da ta mutu da duka a hannunsu a Anacha. Tsohon yana da sanyin hannu, yakan ba mai laifi dama fiye da kima. Amma gyara daban, tozarci daban. A taron kwamitin kuɗi da aka yi a Anacha cikin watan Agusta 1890, shi ne shugaban taro, amma a gaban idonsa sakataren mishan F. N. Eden ya dakatar da limaman da shi bishop ya naɗa da hannunsa, har da ɗansa Dandeson, ba tare da an nemi yardarsa ba. Yaran da ba a haife su ba lokacin da ya fara hawa Kwara, su ne suka tsaya suna faɗa masa bai iya aikinsa ba. Allah Sarki.

'Yar'uwa, abin da ya yi bayan wannan shi ne dalilin da ya sa na kawo miki labarin. Bai haɗiye abin ya yi murmushi kamar ba a yi komai ba. Ya ajiye kujerarsa ta kwamitin, ya kuma rubuta wa shugabannin ƙungiyar a Landan abin da aka yi. Amma bai tattara nasa ya nasa ya bar ikilisiya ba, bai kuma juya wa mutanen kogin baya ba. Ya koma wurin ikilisiyoyin bakin teku, su Bonny, inda jama'a suka ce za su ɗauki nauyin limamansu da kansu ba sai da kuɗin Landan ba, ya shiga shirya wannan tsari da su. Wato ya bambanta tsakanin kujerar da aka ci mutuncinsa a kanta da mutanen da ya zo yi wa hidima.

A ganina nan mutanenmu da yawa suke rikicewa. An cika gaya wa mai haƙuri ya yi shiru, kamar haƙuri da rashin baki abu ɗaya ne. Ke ma ba laifi ki samu dattawan majami'arku ki ce a kawo shaidar kuɗin nan da ake cewa kina ci, a gaban kowa. Ba laifi ki bi iyayen nan gida-gida ki buɗe musu littattafan da kike koyarwa su gani da idonsu, ki ce duk mai so ya zo ya zauna a bayan aji. Wanda ya ƙi bayan haka, ɗansa ne, yana da iko. Amma yaran da suka rage, ko da huɗu ne, ba su suka yi miki ƙazafi ba, kuma ba su da wata ƙofar gida da za su je koyon lissafi kyauta.

Ba zan yi miki alkawarin za a gode miki ba, don shi Crowther bai ga godiya da idonsa ba. Shanyewar jiki ta kama shi a 1891, ya rasu a Ikko ranar 31 ga Disamba na wannan shekara. Robinson ya riga shi rasuwa a Lakwaja da 'yan watanni, Brooke ya bi su a 1892, duk ba su kai Kano ba. Aka ba Bature kujerar bishop, kuma sai da aka yi kusan shekara sittin kafin a sake danƙa wa baƙar fata cikakken yanki a ɗarikar a Nijeriya. Tsarin ikilisiyoyin bakin teku kuwa ya tsaya da ƙafarsa a 1892, a hannun Dandeson, ɗan nan nasa da aka dakatar.

A 2014, ranar cika shekara 150 da naɗa shi, aka yi taron addu'a a majami'ar Kantabari ɗin nan. Shugaban ɗarikar na lokacin, Justin Welby, ya tsaya a gaban jama'a ya amsa cewa an zalunci Crowther, ya nemi gafara. A ranar, tsohon ya shekara 122 a kabari.

Ki sake rubuto mini in kin gana da dattawan, ina son jin yadda kuka ƙare. Sai wata mai zuwa in Allah ya kai mu.