Shin Ƙwallon Gida Ya Mutu Ne?

Duk wanda ya zauna teburin mai shayi a Sabo ta Ikorodu ko a Agege ya san gardamar da ake tafkawa, wai ƙwallon ƙafa na gida ya mutu. Dattawa sukan tuna da Raccah Rovers ta Kano, zakarar ƙasa a 1978, da ranar da Green Eagles suka lallasa Aljeriya da ci 3 da nema a Surulere a 1980. Samari kuwa, in ba Arsenal ko Chelsea ba, ba su da zance.

Gaskiya ne wasan ya ja baya. Da zarar yaro ya fara haskawa, sai dillalai su yi Turai da shi. Yawancin ƙungiyoyin na gwamnatocin jihohi ne, albashi kuwa sai an ga dama. Ɗan wasan da yake bin bashin albashi, da wane ƙarfi zai yi gudu?

Amma a ganinmu ciwo ne, ba mutuwa ba. Kano Pillars ta ɗauki kofi sau uku a jere, daga 2012 zuwa 2014. Ahmed Musa ya dawo mata a 2024, shekarar da Ikorodu City ta hau rukunin farko.

Saboda haka, 'yan'uwa mazauna kurmi, duk ranar da wata ƙungiyar Arewa ta zo Ikko, mu bar gidan kallo, mu ja yaranmu zuwa fili. Wasan da ba mai kallonsa, ba mai zuba masa kuɗi.